Kafin a daka wa tsoho ƙwayar magani a kunu

Assalamu alaikum. 'Yar'uwa, kin tambaya ko za ki iya daka wa Baba magungunansa ki zuba a kunu, tunda ƙwayoyin suna maƙale masa a wuya har ya fara ƙin sha. Allah ya ba shi lafiya, ya ba ki ladan jinya. Shekara shida na yi ina kula da mahaifiyata mai hawan jini da ciwon suga, kuma da dakan nan na fara, har ya kusa jawo mana abin da ba mu shirya masa ba.

Wata safiya na murƙushe ƙwayarta ta hawan jini, nifedipine, tsakanin cokula biyu, na dama mata a koko. Ba a jima ba ta ce ɗakin yana juya mata, kanta yana sarawa, ta kasa miƙewa daga kan sallaya. Da na kai kwalin wurin mai harhaɗa magunguna, sai ya nuna mini wasu ƙananan haruffa da ban taɓa lura da su ba. Ya ce duk ƙwayar da aka rubuta wa SR, XR, XL, LA ko Retard, an yi ta ne don ta riƙa sakin magani kaɗan-kaɗan na tsawon sa'o'i, idan kuwa aka daka ta, maganin yini guda zai shiga jini lokaci ɗaya. Mai alamar EC kuma rufinta yana kare ta har ta wuce tumbi, haka ma 'yan tsabar da ke cikin kafson omeprazole, maganin gyambon ciki, ba a niƙa su, ba a taunawa. Don haka kada ki daka ko ɗaya sai kin nuna wa likita ko mai harhaɗa magani.

Abin da ya ba ni mamaki shi ne, yawancin wahalar Inna daga zama take. Takan sha magani a kishingiɗe, bakinta a bushe, ta ɗaga kai sama tana ƙoƙarin tura shi. Sai na koma zaunar da ita sosai da matashi a bayanta, ta fara jiƙa maƙogwaro da kurɓi biyu, sannan a bi ƙwayoyin ɗaya bayan ɗaya, ba gaggawa. Kafso yana yawo a saman ruwa, shi ya sa idan ta ɗora shi a harshe ta kurɓi ruwa, sai ta sunkuyar da haɓa wajen ƙirji kafin ta haɗiye. Ƙwaya mai tauri kuwa nutsewa take yi, wannan sai ta kama bakin gorar roba da leɓe gam, ta zuƙo ruwa ya wuce da ita. Masu bincike a Jami'ar Heidelberg ta Jamus sun gwada dabarun biyu a kan mutum 151, suka wallafa sakamakon a 2014, inda sunkuyawar ta sauƙaƙa haɗiya ga kusan kashi 89 cikin 100, gorar kuma ga kusan kashi 60.

Ranar da ruwa ya gagara, nakan tura ƙwayar ɗungurungum cikin cokali ɗaya na ayaba da aka dame ko kunu mai kauri wanda ya huce. Ban yarda da zuba magani a cikakken kofi ba, domin tsoho yakan sha rabi ya ture. Ki kuma nisanta magungunan kashe ƙwayoyin cuta ciprofloxacin da doxycycline daga nono da madara, suna rage musu ƙarfi, kuma bayan doxycycline ya yi rabin awa a zaune kafin ya kwanta.

Amma idan Baba yana ƙwarewa ko da ruwa zalla, ko muryarsa tana gurgura bayan ya sha, musamman in ya taɓa samun shanyewar ɓarin jiki, to kada ki gwada gorar nan, ki kai shi asibiti, domin abin da ya zarce cikin huhu yana haddasa nimoniya. Ki tattara duk magungunansa a leda ɗaya ki tafi da su, har da waɗanda aka saya a kemis. Ranar da na yi haka, likita ya soke wa Inna biyu, ya mayar da ɗaya na ruwa.