Faɗaɗa titi zai hana kaɗe yara a unguwarmu?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni malamar firamare ce, kuma babban titi ne ya raba makarantarmu da unguwar da yawancin ɗalibanmu suke. An ce za a faɗaɗa shi ya koma hannu uku-uku, a kuma yi wa masu tafiya a ƙasa gadar sama. Iyaye suna ta murna, ni kuwa hankalina bai kwanta ba. Anya wannan zai rage hatsari?

Amsa: Wa'alaikumus salam, Malama. Rashin kwanciyar hankalinki yana da hujja. Abin da ke kashe mai tafiya a ƙasa shi ne gudun mota, faɗin titi kuma shi ke haifar da gudu. Direba bai cika bin allon da ke gefen hanya ba, kwalta yake dubawa. In ya ga ta buɗe fetal, ƙafarsa da kanta za ta danna totur. Cikin mutum goma da mota ta kaɗe tana gudun kilomita 30 a awa, kusan tara sukan rayu. Daga nan abin ke lalacewa da sauri. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce daga gudun kilomita 50 zuwa 65, haɗarin mutuwar wanda aka kaɗe yana ninkawa sau huɗu da rabi. Shi ya sa taron ƙasashe da aka yi a Stockholm a 2020 ya nemi a tsayar da gudu a kilomita 30 duk inda mutane da motoci ke cakuɗa.

Ki yi lissafin da ɗalibinki ɗan aji biyu. Hannu shida, kowanne mita uku da rabi, mita 21 ke nan. Yaro mai tafiyar mita ɗaya a daƙiƙa yana buƙatar daƙiƙa 21 kafin ya kai ɗaya gefen. A wannan ɗan lokacin, motar da ke gudun kilomita 60 ta cinye mita 350. Motar da za ta cim masa a tsakiyar titi, lokacin da ya sa ƙafa ko launinta bai gama gani ba, balle ya auna gudunta.

Gadar sama kuwa, dole ta haura mita biyar don manyan motoci su wuce ta ƙasanta, matakala talatin da wani abu a hawa, haka a sauka. Tsohuwa da ƙullin kaya a ka, mai juna biyu, gurgu a kekensa, mai tura kurar ruwa, wanne zai hau? Ƙasa za su bi, ko an sa shingen ƙarfe za a ɓalle shi, direba kuma ya riga ya sa a ransa cewa babu kowa a kan kwalta. Gada tana da amfani a kan babbar hanyar da ta bi bayan gari. A ƙofar makaranta, ni ban yarda da ita ba.

Akwai abin koyi a Dar es Salaam ta Tanzaniya. Titin Morogoro shi ne babbar hanyar shiga birnin daga yamma, a da ƙananan bas-bas da suke kira daladala sun cika shi, gosulo safe da yamma. Da aka sake gina shi da rancen Bankin Duniya, sai aka raba faɗin. Hannu biyu na tsakiya aka ware wa dogayen bas su kaɗai, tashoshinsu ma a tsakiyar titi suke, daɓensu daidai da ƙofar bas, fasinja ya taka ya shiga ba tare da hawa matakala ba. Gefe da gefe aka bar wa sauran motoci, sannan hanyar keke, sannan dandamalin masu ƙafa. Kashin farko, kimanin kilomita 21 daga Kimara zuwa Kivukoni da rassansa, ya fara aiki a 2016, kuma a 2018 birnin ya zama na farko a Afirka da ya karɓi kyautar sufuri mai ɗorewa da ake bayarwa duk shekara. Tashar tsakiyar nan ita ce ta fi burge ni, domin ta raba tsallakawa gida biyu: ka duba hannu ɗaya, ka haye, ka tsaya ka numfasa, sannan ka duba ɗayan.

Aikin bai rasa matsala ba. Bas ɗin sun yi kaɗan, mutane suna cin dogon layi, kuma a kwarin Jangwani ambaliyar kogin Msimbazi ta sha tsayar da zirga-zirga da damina. Duk wanda zai kwaikwaya, ya fara da magudanar ruwa.

Titinku ba sai an kai ga wannan babban aiki ba. Ku je wurin masu aikin tun zane yana kan takarda, ke da shugaban makaranta da mai unguwa da ƙungiyar iyaye, domin in an zuba kankare magana ta ƙare. Ku nemi a bar shi hannu biyu-biyu, kowanne bai wuce mita uku da ɗan ɗoriya ba, abin da ya rage a yi dandamalin tafiya mai aƙalla mita biyu, da hanyar keke wadda aka kange da kankare, don fenti kaɗai ba ya hana mota hawa. A daidai ƙofar makaranta a ɗaga wurin tsallakawa ya zo daidai da dandamali, ya zama tudun da dole direba ya taka burki, a yi tsibiri a tsakiya mai faɗin mita biyu inda yara za su tsaya, a sa fitila a kansa saboda masu dawowa daga Islamiyya bayan magariba.

Kada ku manta da 'yan Adaidaita Sahu da 'yan tebur. In ba a yanka wa masu keke napep wurin tsayawa ba, a kan wurin tsallakawar za su riƙa sauke fasinja, su tare wa yaro gani. Mai shayi da mai kayan miya ma, in aka kore su gobe za su dawo su hau dandamali, yara su koma kwalta. A ware musu layinsu a cikin zanen tun farko, a bayan hanyar masu ƙafa, nesa kaɗan da ƙofar makarantar.