Ya halatta mu sa kuɗi a gidan da ake saukar da matan da suka gudo daga dukan miji?

TAMBAYA

Assalamu alaikum Malam, Allah ya ƙara lafiya da nisan kwana. Ni ɗan kwamitin masallacin unguwarmu ne. Wasu iyayenmu mata ne, malaman Islamiyya da wata nas da ta yi ritaya, suka haɗa kuɗi suka kama hayar wani gida suna saukar da matan da mazajensu ke duka, su da yaransu, kafin a samu mafita. Yanzu haya ta kusa ƙarewa sun rubuto mana takarda suna neman taimako, toh kwamiti ya rabu biyu, wasu na cewa wannan kashe aure ne kawai da koya wa mata fita ba izinin miji kuma tsarin Turawa ne, mace in ta yi yaji ai gidan ubanta za ta. Dan Allah Malam meye hukunci, kuma za a iya sa zakka a ciki?

AMSA

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Allah ya saka maka da alheri ɗan'uwa, ya saka wa waɗannan iyaye namu.

Taimaka wa wannan gida halal ne, sadaka ce mai lada, kuma idan ya zamana a garinku babu wani wuri da macen da aka fasa wa kai cikin dare za ta nufa ta kwana cikin aminci to tsayar da irinsa ya zama farali na kifaya a kan jama'ar wurin, in wasu suka yi ya sauka daga kan saura, in kowa ya naɗe hannu kowa ya ɗau zunubi gwargwadon ikonsa. Bukhari ya ruwaito daga Anas cewa Manzon Allah (SAW) ya ce ka taimaki ɗan'uwanka yana azzalumi ko yana wanda aka zalunta, da aka tambaye shi yaya za a taimaki azzalumi sai ya ce ka hana shi zaluncin. Kaga wannan gida aiki biyun yake yi a lokaci ɗaya, ya tsare matar, ya kuma tsare mijin daga kaiwa ga kisan kai, kuma duk mun san ana kaiwa can.

Masu cewa tsarin Turawa ne, da girmamawa nake roƙonsu su koma littattafan da muka karanta a zaure. A Mukhtasar na Shehu Khalil, wanda alƙalanmu ke hukunci da shi har gobe, an ce idan miji ya yi wa matarsa ta'adi alƙali zai tsawatar masa, kuma ya zaunar da ita a tsakanin mutane salihai idan dama ba a tsakaninsu take ba, domin su ga abin da ke faruwa su ba da shaida. A wurin dai ya ce tana da haƙƙin a sake ta saboda cutarwa bayyananna ko da shaidu ba su shaida cewa ya maimaita ba. Shehu Dardir da ya zo sharhi bai tsaya kan duka kaɗai ba, ya sa ƙaurace mata ba dalili na shari'a, ya sa zaginta da zagin ubanta, kuma ya faɗa ƙarara cewa duka mai raunatawa bai halatta ba ko da mijin ya san ba za ta daina saɓa masa ba sai da shi, in kuwa ya yi to tana da saki tana da kisasi. Wannan fa malaman Malikiyya ne na ɗaruruwan shekaru da suka wuce, ba wata ƙungiya ce ta zo ta koya musu ba. Ayar Suratun Nisa'i ta 34 da wasu ke fakewa da ita, an ruwaito daga Ibn Abbas cewa dukan da aka ambata a cikinta da asuwaki ne da makamancinsa, ina asuwaki ina wayar wuta da bel da taɓarya? Nana A'isha kuma ta ce Annabi (SAW) bai taɓa dukan mace ko hadimi da hannunsa ba, yana cikin Muslim.

Sannan batun mace ta bar ɗakinta ta sauka a gidan wasu amintattu saboda tsoro, shi ma ya faru a Madina. Fadimatu 'yar Ƙais da mijinta ya yi mata saki na ƙarshe ta gaya wa Annabi (SAW) tana tsoron a faɗo mata, ya umarce ta ta tashi, ya fara nuna mata gidan Ummu Sharik, mace mai wadata mai yawan saukar baƙi, sai ya ga maza na yawan shiga can ya ce ta tafi gidan Ibn Ummi Maktum wanda makaho ne. Idda ce fa, wadda Alƙur'ani a farkon Suratut Ɗalaƙ ya ce kar a fitar da su kar su fita, amma tsoron cutuwa ya sa aka ba ta izini, kuma ku lura yadda Annabi da kansa ya tsaya yana zaɓa mata inda mutuncinta zai fi tsaruwa. Habiba 'yar Sahl kuma matar Sabit ɗan Ƙais, a Muwaɗɗa, da duhun asuba Annabi ya fito ya same ta a ƙofarsa tana cewa ba ni ba Sabit, bai ce mata da izinin wa kika fito ba, ya saurare ta ya kira mijin aka raba su, a ruwayar Abu Dawud an ambaci cewa ya doke ta ne har ya ji mata ciwo.

Saboda haka macen da ta fita don tsira da ranta ko lafiyarta ko ta 'ya'yanta ba nashiza ba ce, wato ba mai bijire wa miji ba ce, ciyarwarta ba ta faɗi daga kan mijin ba, kuma wanda ya buɗe mata ƙofa bai shiga hadisin nan na Abu Dawud da ke cewa ba ya cikinmu wanda ya ɓata mace ga mijinta ba. Wancan hadisi yana magana ne kan mai zuga macen da ke zaune lafiya ta tsani mijinta. Wadda ta zo da kumburarriyar fuska wa ya zuga ta?

Gaskiyar 'yan kwamitinku ɗaya ce, gidan uba shine farko, kuma inda uba ko wa ko kawu zai tsaya tsayin daka to can ya fi. Amma mu faɗa wa kanmu gaskiya, sau nawa yarinya take zuwa gida da jini a jiki a ce mata ki yi haƙuri aure ibada ne, mu ma haka muka zauna, kafin magariba an sa ƙaninta ya raka ta ta koma tun ma mijin bai zo biko ba? Wata marainiya ce, wata daga wani gari mai nisa aka auro ta ko kuɗin mota ba ta da shi, wata iyayenta 'yan gudun hijira ne su kansu a ɗaki ɗaya suke, wata uban na jin nauyin surukin saboda shi ke kawo buhun masara. Wallahi wannan abu yana ci mini rai, domin haƙurin da Allah ya yaba ba shi ne a miƙa mutum ga mai cutar da shi ba, Allah cewa ya yi a Baƙara aya ta 231 kada ku riƙe su don cutarwa.

Yanzu maganar kuɗi, a nan sai an yi hattara. Kuɗin da mutane suka jefa a asusu da niyyar gyaran masallaci ko man janareto ba a juya shi zuwa wani wuri, amana ce ta abin da aka ambata. Ku yi wani tarin daban, liman ya yi sanarwa bayan sallah cewa na gidan mafakar mata ne, wanda ya ba da ya san inda ya ba da. Haya da albashin maigadi da kuɗin wuta da ruwa da gyaran rufi duk daga sadaka da waƙafi za su fito, zakka ba ta shiga nan a mazhabarmu, don zakka mallaka ake yi wa waɗanda aka lissafa a aya ta 60 ta Suratut Tauba, ba a yin gini da ita. Amma matar ita kanta in Musulma ce kuma ba ta da abin hannu, mijin ya daina ciyar da ita, to faƙira ce, a damƙa mata zakka a hannunta ta sayi abinci da magani ko keken ɗinki ko ta kama ɗaki, ko ta wakilta masu gidan su kashe mata da saninta. In wadda ba Musulma ba ce ta ƙwanƙwasa ƙofa kar a kore ta, a ɗauki nauyinta daga sadaka, akwai lada a kan duk mai rai. Wanda kuma Allah ya hore wa gida a unguwar ya yi waƙafinsa ga wannan aiki ya raba su da zullumin haya duk shekara, wannan sadaka ce mai gudana.

Ga masu riƙe da gidan, mata amintattu ne za su riƙa kula da ciki, maza iyakarsu ƙofa. A rufa asiri, kar a ɗauki hoton kowa a sa a Facebook ko guruf na WhatsApp da sunan neman taimako, kuma ɓoye wa mijin da ake tsoro inda take ya halatta, wanda ya nuna masa hanya ya je ya illata ta yana da kaso a zunubin. A sanar da waliyyinta tana hannu mai kyau, sai fa in an tabbatar shi zai miƙa ta. A kai ta asibiti tun ciwon yana ɗanye a karɓi takardar likita, don gaban alƙali hujja ake nema, ko da yake malamanmu sun yarda cutarwa tana tabbata da shaidu ko da labarin da ya yaɗu tsakanin maƙwabta. Kuma kar zaman ya yi ta tafiya ba a kai magana ko'ina ba, a kai ta gaban mai unguwa ko Hisba ko kotun shari'a a ji ta bakin mijin shi ma, domin gidan ba kotu ba ne, ba shi zai yanke wa ya yi laifi ba. In abin ya kai rauni mai tsanani ko ya taɓa yara to maganar 'yan sanda ce, akwai dokar hana cin zarafin mutane ta tarayya ta 2015 wadda jihohi da dama suka karɓa, Kaduna ta yi tata tun 2018, kuma akwai cibiyoyi irin su Salama a Kaduna da Waraka a Kano da Nana Khadija a Sakkwato da ke duba waɗanda aka ci zarafinsu.

In aka zo sulhu a bi aya ta 35 ta Nisa'i, mutum ɗaya daga danginsa ɗaya daga danginta, in ta yarda ta koma da sharuɗɗa a rubuce da shaidu to madalla, in ta ce ba za ta iya ba kar a tilasta ta kuma kar a tura ta ga neman saki, zaɓinta ne. Ku kuma gaya mata haƙƙinta don da yawa ba su sani ba: in cutarwa ta tabbata alƙali zai iya sakinta ba ta biya ko sisi ba, in ma an matsa mata ta yi hul'i ta mayar da sadaki alhali cutar da ita ake yi, littafin Risala na Ibn Abi Zaid ya ce sakin ya tabbata kuma a dawo mata da kuɗinta. Riƙon yara kuma nata ne, namiji har ya balaga, mace har ta tare a gidan mijinta, ciyar da su na kan ubansu ko suna ina.

Ku sa mutum biyu daga kwamitinku su riƙa duba lissafin shige da ficen kuɗi tare da masu riƙe da gidan ana ajiye rasit, ba tare da sun nemi sanin sunayen matan da ke ciki ba.

Wallahu a'alam.