Filin Tambaya da Amsa: In hana su kulli-kurciya ne?

Tambaya: Salam Anti, barka da aiki. Yarana uku ne, da hutun nan kakarsu ta koya musu kulli-kurciya, tun daga nan kullum bayan magariba sai su tara yaran maƙwabta a tsakar gida su ɗaure wa ɗaya ido da ɗankwalina yana lalube suna tsokanarsa suna gudu. To shekaranjiya ƙaramin ya yi karo da turmi ya fasa leɓe, Baban su ya ce a daina kwata-kwata. Ni kuma wallahi ina jin daɗin ganin sun ajiye waya. Don Allah ya zan yi?
Wata uwa daga Zariya

Amsa: Wa'alaikumussalam 'yar'uwa, Allah ya ba shi lafiya ya kiyaye gaba. Gaskiya ni dai ban goyi bayan a hana ba, ki lallaɓa maigidan cikin ladabi, ki nuna masa laifin turmin ne da aka bari a hanya. Kafin su fara a kwashe turmi, bokiti, kujera 'yar tsugunno, a tabbatar murhu ba wuta kuma rijiya a rufe take ruf, in da hali ma su yi da la'asar ido na ganin ido, ko a kunna fitila. Sannan ki sa babba a cikinsu ya zama mai tsaro, da ya ga mai lalube ya doshi bango sai ya ce tsaya. Kuma banda duka, taɓawa kawai, don wasu yaran da sun ga an rufe wa mutum ido sai su huce haushinsu a kansa.

Kin san me yaron yake koya? Da kunne yake farauta, yana bin sautin takun ƙafa da dariya da numfashi, har ya gane wannan Yaya ce wancan ɗan maƙwabta ne ba tare da ya gani ba, ga dauriya idan ana masa dariya. Shi ya sa wasan ya zaga duniya, a Sifaniya sunansa makauniyar kaza, a Bangaladash kuma kanamachi wato makahon ƙuda.

Abin da ya fi damuna ma ba leɓen ba ne, ɗankwalin nan ne guda ɗaya da yake yawo daga ido zuwa ido. Ciwon ido na apolo, wanda ya samo sunan tun ɓarkewarsa a Gana a 1969 lokacin da kumbon Apollo 11 ya je duniyar wata, ta hawaye da kwantsa da hannu yake yaɗuwa, tsumma ɗaya zai iya kwasar gida biyar. Don haka kowa ya zo da ƙyallensa wankakke, kar a ɗaure tamau ya danne ƙwayar ido, wanda kuma idonsa ya yi ja ko yana kwantsa ya haƙura da wasan sai ya warke. Ki gaida mana Kaka.