Amsa: Baba mai ciwon zuciya da yawan mantuwa

Wa'alaikumus salam 'yar uwa, Allah ya ba Baba lafiya. Kin ce zuciyarsa ta yi rauni, ga mantuwa, ko ku hana shi fita ya dinga kwanciya kawai?

A'a wallahi, kar ku zaunar da shi. Zaman nan ne ke kashe ƙafafu, yau sai an riƙe shi ya shiga banɗaki, gobe ko buta ta gagare shi ɗauka. In likitansa ya yarda ya riƙa ɗan tattaki da safe kafin rana ta buɗe, minti 5 zuwa 10, a hankali ana ƙarawa, da ya ji jiri ko ciwon ƙirji ko haki ya hana shi magana sai ya tsaya.

Mantuwar ma sau da yawa daga ciwon take, jini ba ya isa ƙwaƙwalwa sosai, don haka maganinsa dai wani ya riƙe masa. Ku rage gishiri da maggi, ku dinga ɗora shi a sikeli kullum da safe, in ya ƙaru fiye da kilo 2 cikin kwana 3 to ruwa ne ke taruwa, ku kai shi asibiti.