Filin Tambaya da Amsa: Bindiga a Gidan da Akwai Yara

Wasiƙun wannan makon sun taru a kan bindiga da yara, shi ya sa na haɗa su wuri guda. Na rage tsawon wasu, na kuma cire duk abin da zai sa a gane masu su.

Tambaya: Baba, barka da aiki. Maigidana yana da ƙaramar bindiga, da takardarta ta hukuma. A saman kwabar ɗakinmu yake ajiye ta, naɗe cikin tsumma, da harsashinta a ciki, wai kada ɓarayi su shigo yana laluben makulli. 'Ya'yanmu uku, na fari shekararsa 13, mai bi masa 9, auta 4. Duk sanda na yi magana sai ya ce yaran ba su san inda take ba, ko sun sani ma ya ja musu kunne. Ni dai hankalina ya ƙi kwanciya. Ko tsoro ne ya yi mini yawa? (Daga wata uwa)

Amsa: 'Yata, tsoronki yana kan hanya. Ki ƙaddara cewa manyan yaran nan biyu sun san inda take, wataƙila ma ɗaya ya taɓa hawa kujera ya kwance tsumman ranar da kuka fita. A 2006 an buga wani bincike da aka yi a jihar Alabama ta Amurka, inda aka tambayi iyaye daban, aka tambayi 'ya'yansu daban. Cikin iyayen da suka ce yaransu ba su san ma'ajiyar bindigar ba, kashi 39 cikin ɗari yaran sun ƙaryata su. Cikin waɗanda suka ce yaransu ba su taɓa riƙe ta ba, kashi 22 cikin ɗari yaran suka ce sun riƙe.

Batun jan kunne kuwa, shi ma an gwada shi. A wani binciken da aka buga a 2001, wasu likitocin yara a Amurka sun sa yara maza 64 masu shekara 8 zuwa 12 a wani ɗaki, rukuni-rukuni har 29, suna kallonsu ta gilashin da yaran ba sa ganin na waje. An ɓoye bindigar gaske a cikin durowa, an gyara ta yadda ba za ta tashi ba. Rukuni 21 suka gano ta, 16 suka ɗauka, a rukuni 10 kuma aka sami wanda ya ja kunama. Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne, fiye da kashi 90 cikin ɗari na yaran da suka taɓa ta an riga an yi musu darasin haɗarin bindiga. Sun ji faɗan, sun haddace shi, amma da ƙarfen ya zo hannu sai son gani ya rinjaye su. Kusan rabin waɗanda suka gano ta ma ba su tabbatar ko ta gaske ce ko ta wasa ba. Kada kuma ki raina autan. Akwai 'yan shekara uku da huɗu da ke iya danna kunamar ƙaramar bindiga da yatsu biyu, kuma da yake da manyan yatsu suke dannawa, bakinta fuskarsu yake kallo.

Hukumar CDC mai yaƙi da cututtuka a Amurka ta bi diddigin yara 1,262 da harbin kuskure ya kashe daga 2003 zuwa 2021. Kusan kashi uku cikin huɗu na bindigogin da aka san yadda aka ajiye su, da harsashi a ciki aka bar su, kuma ba a kulle ba. Wurin da aka fi ɗauko su shi ne gefen gado da kewayen makwanci. Ki karanta wa maigidan wannan, ki tambaye shi ko bai ga ɗakinku a ciki ba.

Hujjarsa ta ɓarayi ba ta banza ba ce, kada ki yi masa musu a kanta. Akwai akwatin ƙarfe da ake buɗewa da lambobi ko da tambarin yatsa, cikin 'yan daƙiƙu yake buɗuwa. Wanda bai samu wannan ba, akwai kwaɗo mai igiyar ƙarfe da ake zurawa ta cikin bindigar yadda ba za ta ɗanu ba. A cire harsashi, a kulle shi a wani wuri daban, makulli ya zauna a jikin mai bindigar, ba a rataye a ƙusa ba. A ci gaba da koya wa yara cewa in sun ga bindiga su tsaya, kada su taɓa, su bar wurin, su kira babba. Amma wannan ƙari ne a kan kwaɗo. Idan kuma yaranki suna zuwa wasa gidan da kika san akwai bindiga, ki cire kunya ki tambayi uwar gidan yadda suke ajiye ta.

Tambaya: Baba, shekarata 16. Wani abokina yakan ɗauko bindigar babansa in baya gida, ya zare gidan harsashin a gabanmu, sai mu riƙa ɗaukar hoto da ita. Wani lokaci yakan saita ɗayanmu ya yi kamar zai harba. Da na ce ya bari sai suka yi mini dariya, suka ce ai kowa ya ga an cire harsashi. Da gaske za ta iya tashi? (Daga wani ɗalibi)

Amsa: Ɗana, za ta iya tashi, kuma ta wannan hanyar ce samari da yawa suka rasa abokansu. Irin wannan bindigar wuri biyu harsashi yake zama. Akwai gidan harsashin da kuka ga an zare. Akwai kuma gurbin da ke gindin bututun, inda harsashi ɗaya yake shigewa da zarar an ja saman bindigar baya an saki. Zare gidan ba ya fito da wannan ɗayan. Yana nan a kwance, ba a ganinsa daga waje, kuma yawancin ƙananan bindigogi za su harba shi ko babu gidan a jiki. In baban abokinka ya ɗana ta kafin ya ajiye, to duk wasan da kuka yi a baya Allah ne kawai ya tsare. Kada kuma wani ya ce maka an sa sefti, wato maɗallin da ke hana bindiga tashi. Sefti ɗan ƙarfe ne, yana lalacewa, yana gocewa, wasu bindigogin ma ba su da maɓallinsa a waje.

Lokacin da nake koyar da kurata riƙon bindiga, ƙa'idarmu ita ce duk wanda aka miƙa wa bindiga sai ya buɗe ta ya duba da idonsa, ko da a gabansa mai miƙawar ya duba yanzun nan. Wanda kuma ya juyo zai yi tambaya bakin bindigarsa ya biyo shi ya kalli mutane, a ranar ya gama da filin harbi. Dokoki huɗun da ake koyarwa kusan ko'ina a yau, wani tsohon hafsan sojan Amurka mai suna Jeff Cooper ne ya yaɗa su daga makarantar harbin da ya buɗe a Arizona a 1976. Ka ɗauki kowace bindiga a matsayin mai harsashi. Kada bakinta ya kalli abin da ba ka yi niyyar hallakawa ba. Yatsanka ya zauna a wajen kunama har sai ka saita abin da za ka harba. Ka san abin da kake harbi da abin da ke bayansa, domin harsashi yana huda ƙofa da bangon katako ya sami wanda ke ɗaya ɗakin. An tsara su ne yadda in ka kuskure ɗaya, wata za ta tare. Abokinka ukun farko yake takawa a lokaci guda.

Manya masu sana'a ma abin bai bar su ba. Ranar 21 ga Oktoba, 2021, a wurin ɗaukar fim ɗin Rust a jihar New Mexico, an miƙa wa jarumi Alec Baldwin bindiga aka ce masa babu harsashi mai rai a ciki. Ta tashi, ta kashe mai ɗaukar hoto Halyna Hutchins. Matar da ke kula da makaman fim ɗin an yanke mata ɗaurin wata 18 a 2024. Can akwai wadda aka ɗauka aiki musamman don duba bindigar, ku kuwa abokinku ne kawai da zatonsa.

Tun kafin a ƙera bindiga Manzon Allah (SAW) ya hana mutum nuna ɗan'uwansa da makami, ya ce bai sani ba ko Shaiɗan ya fizgi hannunsa. Bukhari da Muslim duk sun ruwaito shi.

Ba aikinka ba ne ka karɓe ta ka duba, kada ma ka gwada. Da ka ga ya nufi inda take, ka fice daga gidan, ka faɗa wa mahaifinka ko mahaifiyarka yau ɗin nan, su sanar da baban yaron. Za a kira ka matsoraci ko ɗan kai ƙara na 'yan kwanaki, wannan mai sauƙi ne. Idan kuma, Allah ya kiyaye, aka harbi wani a gabanka, ka danne ciwon da tsumma da iyakar ƙarfinka, kada ka ɗaga don leƙawa, ka sa wani ya kira agaji. Zubar jini mai yawa yana kashewa cikin mintuna kaɗan. Kada tsoron faɗan iyaye ya sa ku tsaya shawarar ƙaryar da za ku yi.

Tambaya: Baba, ni harbi sama kawai nake yi in an yi abin murna. Wannan ma laifi ne? (Daga wani matashi)

Amsa: Harsashin da ka tura sama ba can yake zama ba. Yawancin masu harbin sama a karkace suke harbawa, irin wannan kuwa yakan yi tafiyar fiye da kilomita ɗaya ya sauko da ƙarfin da zai fasa ƙoƙon kai. A 1999 wata yarinya 'yar shekara 14, Shannon Smith, tana tsakar gidansu a birnin Phoenix na jihar Arizona harsashi ya sauko mata a ka, ta mutu. A shekarar 2000 jihar Arizona ta yi doka da sunanta, ta mayar da irin wannan harbi a cikin gari babban laifi. Kai za ka koma gida ka yi barci, ba za ka taɓa sanin gidan da ka jefa cikin makoki ba. Ka bari.

Tambaya: Malam, ɗan ƙanena mai shekara 15 ya ɗauki bindigar farautar babansa yana nuna wa wani ɗan'uwansa, ta tashi, yaron ya rasu. Wata biyu ke nan ba ya cin abin kirki, ba ya magana, da dare sai ya farka yana ihu. A gida an ce tsautsayi ba ya wuce ranarsa, a rufe maganar. Bindigar tana nan a gidan. Me ya kamata mu yi, kuma me ke kansa? (Daga wani baffa)

Amsa: Ɗan'uwa, Allah ya jiƙan wanda ya tafi, ya ba ku haƙuri. Abu na farko, kafin komai: a fitar da bindigar nan daga gidan yau, a bi hanyar da doka ta tanada wajen ajiye ta ko miƙa ta. Yaron da ke cikin wannan hali yana iya juya ta kansa, kuma bindiga ba ta cika ba wa wanda ya yi haka damar canza shawara ba.

Rufe maganar ba zai warkar da shi ba. Firgita da dare, ƙin abinci da shirun nan alamu ne da likitocin ƙwaƙwalwa suka san su sarai a wurin wanda ya ga tashin hankali, kuma akwai magani. Ku kai shi. Kai da kake baffansa, ka zauna da shi ku biyu, ka tambaye shi kai tsaye ko yana tunanin kashe kansa. Tambayar ba ta sa wa mutum tunanin, sau da yawa ma sauƙi take kawowa. In ya ce e, kada a bar shi shi kaɗai, a tafi asibiti a ranar. Kada a ce masa bai yi komai ba, ya san ya yi, kuma zai daina yarda da ku. A gaya masa gaskiya: ya yi kuskure mai girma, bai yi niyya ba, kuma akwai babban da ya bar bindiga da harsashi inda hannunsa zai kai.

Ta fuskar addini, ƙaddara gaskiya ce, amma ba ta shafe hakki. Aya ta 92 a Suratun Nisa'i ta yi maganar kisan kuskure, ta ɗora diyya ga iyalan mamaci sai in sun yafe, da kaffarar 'yanta bawa mumini, wanda bai samu ba ya yi azumin wata biyu a jere. Diyyar kisan kuskure kuma dangin uba ne suke haɗuwa su ɗauka, ba a barin wanda ya yi shi kaɗai da ita. Yadda kaffara take a kan yaro mai shekarunsa, ku kai wa malamin da ya san fiƙihu. Na ga mutanen da samun abin yi na fansa ya fi rage musu nauyi fiye da duk wani lallashi.

Ta fuskar doka, kowace ƙasa da tata, don haka ku nemi lauya, kada kuma ku ɓoye wa hukuma yadda abin ya faru. A wurare da dama mai bindigar ake fara tuhuma. Jihar Florida ta yi dokar hukunta wanda ya bar bindiga inda yaro zai kai tun 1989. A 2024 kotu a Michigan ta ɗaure James da Jennifer Crumbley shekara 10 zuwa 15 kowannensu, bayan ɗansu mai shekara 15 ya kashe ɗalibai huɗu da bindigar da ba su tsare ta daga gare shi ba. Wancan da gangan yaron ya yi, ba irin naku ba ne, amma tambayar da kotu ta yi wa iyayen ita ce za a yi wa ƙanenka: yaya aka yi bindigar ta kai hannun yaro?

Shi ma ƙanen naka kada ku manta da shi, haka iyayen mamacin. Kada a matsa musu su yafe da wuri, kada kuma a tilasta wa yaron zuwa gabansu kafin su shirya. Ka sake rubuto mini bayan kun ga likita.