Tambaya da Amsa: In riƙa gyara motata da kaina ko in ci gaba da biyan makaniki?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Ni ma'aikaci ne a nan Jos, ina da Corolla 'yar 2005. Tun da aka cire tallafin mai a 2023 komai ya tashi, har kuɗin aikin makaniki, satin da ya wuce na je juye (canjin baƙin mai) kawai da canjin fulogi amma kuɗin aikin da aka caje ni ya kusa kai na kayan da na saya. Ina ganin bidiyo a YouTube mutane na yi da kansu, don Allah in sayi safana in fara ko kuwa? Daga wani mai karatu, Rikkos.

AMSA: Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Wallahi na ji maka, kuma amsata ita ce eh ka sayi safana, amma ba don komai da komai ba.

Juye kam kana iyawa. Corolla irin taka ba ta wuce lita 4 na baƙin mai, ka bari inji ya ɗan yi ɗumi, ka kwance noti na ƙasa mai ya tsiyaye, sabuwar filta kuma ka shafa wa robar bakinta mai kaɗan ka ɗaure da hannu, kar ka matse da ƙarfin tsiya. Ka duba tsohuwar robar ba ta manne a jikin inji ba, don in suka haɗu biyu mai zai riƙa zuba a hanya ba ka sani ba har inji ya buga, kuma a nan kuɗin da ka ce kana tsimi sai ya tafi ninkin ba ninkin. Kuma don Allah kar ka shiga ƙarƙashin mota jak kaɗai na riƙe da ita, ka sa mata wani abin tokarewa mai ƙarfi. Na taɓa ganin jak ya zame a kan ƙasa mai laushi, Allah ne ya kiyaye yaron ya riga ya fito.

Filtar iska, fulogi, goge kan batir in ya yi farin gari, duk naka ne. Mu da ke Jos mun san yadda batir ke yin kasala da asuba lokacin hunturu, sau da yawa dattin kan ne kawai, ka fara cire wayar negetif kafin ka taɓa komai. Murfin lagireto kuma ba a buɗe shi inji na da zafi.

Birki, giya, kulochi da aikin rewaya kuwa ka bar wa masu shi. Mutumin da ya shekara goma yana yaron shago kafin ya buɗe nasa, da ya ji ƙarar inji ya san inda ciwon yake, wannan kunnen kake biya ba juya safana ba, kuma shi ma fa yana da haya da yara da zai sallama da yamma.

Inda mutane suka fi asara ma a kayan gyara ne. Ka shiga Dilimi, inda ake sayar da kayan gyaran mota, da kanka ka tambayi farashi a shago biyu uku, ku yi ciniki da makaniki kan kuɗin aiki tun kafin a kwance noti ɗaya, ka ce a ba ka tsohon kayan da aka cire. In za ka je garejin makanikai na Farin Gada ka je da safe ka zauna a kan benci har a gama, kar ka ajiye makulli ka tafi ofis.