Dakata da Sayen Ƙwan Fitila, Fara Gwada Baƙon Haske

Ɗana, ka ce sifektirofotomitar da aka kira ka a kanta a Samaru, wato na'urar auna yawan hasken da samfur ke sha, karatunta yana maƙalewa kusa da 2 komai kaurin samfurin, kana tambaya ko ƙwai za ka canza. Dakata tukuna. Ƙwan ditiriyam, fitilar da ke ba na'urar haske, ba arha gare shi ba, kuma wannan alamar baƙon haske ce.

In ka saita na'ura a nanomita 220, wato ma'aunin tsawon zangon haske, hasken wannan zangon kaɗai ya kamata ya isa idonta mai auna haske. To, wani hasken na daban yakan sulale ya isa, ido kuwa ba ya tantancewa, duka yake ƙirgawa. Baƙon ya kai kashi 1 cikin 100 kawai, samfurin da shan haskensa na gaskiya 2 ne sai ya nuna kusan 1.7. Mai bincike ya kwafe a littafi, bai san an rage masa mudu ba.

Kunna ta, ka ba ta rabin awa ta yi ɗumi. Ɗauko kubet, wato ɗan mazubin samfur, na dutsen kwaz mai santimita 1, ban da na gilashi ko na roba, don su da kansu suna shanye hasken wannan yankin. Narka giram 12 na potasiyam kulorayid a lita 1 ta tataccen ruwa, ka saita sifili da ruwan zalla, ka auna a nanomita 198. Gishirin nan yana tare hasken wurin kusan ƙaf, saboda haka abin da ido ya gani baƙo ne. Karatu ya haura 2, lafiya lau. Haka za ka yi da sodiyam ayodayid, giram 10 a lita, a 220, da sodiyam naitirayit, giram 50 a lita, a 340.

In ta faɗi gwajin, rufe murfin, ka zagaya bakinsa da tocilan kana kallon lambobi. Suka motsa, daga waje yake shiga, sau da yawa soson murfin ne ya ruɓe. Ba su motsa ba, duba madubai. Ka san ƙurar hunturun Zariya, babu inda ba ta kutsawa. Hura da famfon roba kawai. Giretin kuwa, wato abin da ke rarrabe haske zango-zango, kada auduga ko yatsa ya taɓa shi, ƙarzuwa ɗaya ta gama da shi.

Sai bayan nan ka duba awannin ƙwan, domin in ya tsufa haskensa wajen 200 yakan yi rauni, baƙon ya rinjaye shi. Kafin ka gama gyara, ce wa masu binciken su riƙa tsarma samfur karatu ya tsaya ƙasa da 1.